Ma'aunin Guguwa Ba Ya Ƙirga Gawa

'Yan'uwa, a daren 10 ga Disamba 2021 mahaukaciyar guguwa ta ratsa garin Mayfield a jihar Kentaki ta Amurka. Ta kashe fiye da mutum 50 a kan hanyarta, har da ma'aikatan kamfanin kyandir. Masana suka sa ta a matakin EF4. Sai masu sha'awar guguwa suka kama gardama, wai an yi mata rowa, EF5 ta cancanta, sai ka ce kofin ƙwallo! Ba mu yarda ba. Ɓarnar gine-gine da itatuwa ma'aunin yake dubawa don a kimanta ƙarfin iska. Marayu ba su cikin lissafinsa. Kafin mu yi musun lamba, mu tambaya: wa ya rasu, wa ya kwana ba matsuguni?