Rajistar katangar tsaron intanet a Najeriya

Katangar tsaron intanet, wadda ma'aikatan kwamfuta ke kira fayawol, na'ura ce da ake girkawa tsakanin kwamfutocin wata ma'aikata da intanet domin tace abin da ke shiga da fita. Duk haɗin da ta bari ya wuce ko ta tare sai ta rubuta shi: daga ina ya fito, ina ya nufa, da ƙarfe nawa. Wannan rubutu shi ne rajista. Saboda wurin ajiyar na'urar ba shi da yawa, ana tura rajistar zuwa wata kwamfuta daban da aka tanada don adanawa da bincike.

Yadda ake turawa

Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne Syslog, wanda a bisa al'ada ke bi ta UDP a kafa mai lamba 514. UDP ba ya tabbatar da isar saƙo, don haka idan hanya ta cushe wasu layuka kan ɓace ba tare da an sani ba. Wannan ne ya sa ake komawa ga TCP mai ɓoye saƙo, a kafa ta 6514. Kafar sarrafa na'urar sau da yawa gigabit 1 ce, kuma ba ta isa banki ko kamfanin waya ba. Manyan na'urori kan ware kafar SFP+ mai gigabit 10 ko QSFP+ mai gigabit 40 don rajista kaɗai; jerin PA-7000 na kamfanin Palo Alto Networks ma kati na musamman gare shi don wannan aiki. Dole kuma a daidaita agogon na'urorin, domin rajistar da lokacinta ya saɓa ba ta zama hujja mai ƙarfi.

Doka da halin da ake ciki

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu samar da sabis su adana bayanan zirga-zirga da na masu hulɗa da su har shekara biyu. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana 7 zuwa awa 72. Hankalin jama'a a lokacin ya fi karkata ga harajin kashi 0.5 cikin 100 da Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Mayun 2024, aka kuma dakatar da shi, amma wa'adin awa 72 ya fi taɓa aikin yau da kullum: wanda rajistarsa ke da giɓi ba zai iya faɗin abin da aka sace ba.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce an kai hare-hare kusan miliyan 13 kan shafukan ƙasar. Irin wannan adadi daga rajista ake ciro shi, sai dai ba kowane haɗi da katanga ta tare ne hari na gaske ba.

Akwai kuma ɓangaren sirri. Rajista na nuna shafin da mutum ya ziyarta, don haka tana ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Batun bai tsaya a Abuja da Legas ba: mai sana'ar POS a Getso ko Kabo da kuɗinsa ya maƙale, rajistar banki da ta kamfanin da ya ba shi na'urar ake dubawa kafin a mayar masa.