Siranta Ko Ƙarkon Batir?

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda wayarsa ta taɓa mutuwa ana gobe jarrabawa, ga littattafansa a cikinta, ga ba wuta, ya san cewa darajar waya tana ga batirinta. Amma manyan kamfanoni wani tseren daban suka sa a gaba.

A shekarar 2025 Samsung ya fito da Galaxy S25 Edge mai kaurin milimita 5.8, Apple kuma ya biyo baya da iPhone Air mai milimita 5.6. To, wayar da aka matse haka, ina batir zai sami wurin zama? Na S25 Edge 3,900 mAh ne kacal, alhali wayoyin Tecno da Infinix da yawa suna ɗauke da 5,000. Kada kuma mu manta, matsalar batir ce ta sa Galaxy Note 7 ta riƙa kamawa da wuta a 2016, har aka janye ta daga kasuwa.

A nawa ra'ayin, wannan tsere na masu tsayayyiyar wutar lantarki ne. Mu da ke biyan mai caji daga kuɗin abincinmu, in za mu sayi waya mu fara tambayar ƙarfin batir kafin kyan jiki. Kyan waya ta kai dare.