Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohuwar Leica

Cikin kayan gwanjon Turai da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Lome, akan ci karo da tsofaffin kyamarorin fim. In ka dace da Leica M6, 'yar Jamus da ta fara fitowa a 1984, ɗan'uwa kada suna ya ruɗe ka.

Shawarata ga samarinmu na Zongo: danshin teku na sa gilashi yin fumfuna, don haka haska shi da tocila. Leƙa tagar saiti. In inuwa biyun ba su haɗu daidai ba, hoto zai fito dishi-dishi, mai gyara kuma ba kusa yake ba.

Sannan ina za ka sami fim, wa zai wanke maka? In babu amsa, riƙe sefarka.