An Ƙwace Dukiyar, To Ina Ta Shiga?



Ranar 30 ga Afrilun 1982, 'yan bindiga suka tare motar ɗan majalisa Pio La Torre a birnin Palermo na tsibirin Sisili, a ƙasar Italiya, suka harbe shi tare da direbansa. Laifinsa a wurin 'yan Mafiya shi ne ƙudurin da ya kai majalisa, cewa ɗaure mutum kaɗai bai isa ba, a bi dukiyarsa. Ya san halinsu sarai. Uban daba yana iya zama a kurkuku yana ba da umarni, muddin gonakinsa da kamfanoninsa suna kawo kuɗi. Majalisa ta yi ta jan ƙafa, sai da 'yan Mafiya suka kashe Janar Dalla Chiesa, mai yaƙi da su, a watan Satumba, sannan cikin kwana goma dokar ta wuce.

Ƙwacewa ta fara, amma gidaje da gonaki suka zama kufai, ciyawa ta cinye su, mutanen gari suna wucewa suna kallo. A 1995 wani limamin coci, Luigi Ciotti, ya jagoranci ƙungiyar Libera, suka tara sa hannun mutum miliyan guda. A 1996 aka yi sabuwar doka: abin da aka ƙwace a mayar wa jama'a, ta hannun ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gama kai.

A yankin Corleone, mahaifar uban dabar Mafiya Totò Riina, matasa sun karɓi gonakin da a da ba mai iya ɗaga ido ya kalla. Suna noma alkama, suna yin taliya, ana sayarwa a kanti da sunan Libera Terra. An sha cinna wa irin waɗannan gonaki wuta da dare, ba su fasa ba. Gidan da Riina ya ɓuya a Palermo kuwa, tun 2015 ya zama ofishin jandarmomi. Manomin da ya ga ɗansa yana karɓar albashin halak daga wannan gona ba ya buƙatar wani minista ya zo ya gaya masa hukuma tana aiki. Gani ya kori ji.

To amma kada mu ɗauka labarin duk daɗi ne. Kamfanonin da aka ƙwace da yawa sun durƙushe. Da zarar hukuma ta karɓa, banki ya janye bashi, masu saye da tsoro ke kawowa su watse, ga haraji da cikakken albashi da a da ba a biya. Ma'aikaci ya koma gida hannu rabbana, ya fara tunanin cewa a zamanin Mafiya ko ba komai yana da abin yi. Babu abin da 'yan Mafiya ke so su ji irin wannan.

Mafi muni ya fito fili a 2015, lokacin da aka fara binciken Silvana Saguto, alƙaliyar da ke shugabantar sashen kotun Palermo mai kula da wannan dukiya. An zarge ta da raba aikin kula da kadarorin ga na kusa da ita, kuma a 2020 kotu ta same ta da laifi. Mai dokar barci ta ɓuge da gyangyaɗi.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A Disambar 2024 kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnatin tarayya rukunin gidaje 753 bayan binciken EFCC, kuma tun 2022 Najeriya tana da dokar kula da dukiyar da aka ƙwato. An yi shela, an ɗauki hotuna. Abin da ya rage shi ne a wallafa jerin kowane gida da kowane fili da aka ƙwato, a faɗi wanda ke riƙe da shi, da nawa aka sayar, da sunan wanda ya saya.