Kicin ɗin Uwargida: Me Ke Cikin Kwalbar Banila?

A wannan wata za mu leƙa cikin 'yar kwalbar fulebon banila da muke ɗigawa a kek da cincin.

Banila tsiro ce mai yaɗo da ke hawa bishiya, asalinta ƙasar Meziko. 'Ya'yanta dogaye ne kamar koren wake, a cikinsu ƙamshin yake. Takan yi shekara 3 kafin ta fara fure, kuma furen yini ɗaya tak yake buɗewa. In ba a yi masa barbara a ranar ba, ya faɗi ke nan. A shekarar 1841 wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, a tsibirin Riyuniyon, ya gano yadda ake barbarar da ɗan tsinke. Har yau da hannu manoman Madagaska, ƙasar da ta fi kowa nomanta, ke bin furen ɗaya bayan ɗaya. Sai a jira wata 9 'ya'yan su ƙosa, a ƙara wasu watanni ana shanya su ana rufewa har su yi baƙi.

Wannan wahala ce ta sa banila tsada. Saboda haka, uwargida, yawancin fulebo mai araha haɗi ne na masana'anta mai kwaikwayon ƙamshinta. Wannan ba laifi ba ne, amma kada a karɓi kuɗin na asali a ba ki na haɗi.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne, ruwan banila na asali da barasa ake tatso shi. A Amurka ma doka ta ce sai ya kai kashi 35 cikin 100. Malamai sun yi saɓani kan ɗan abin da ke shiga abinci, don haka ki tambayi malamin da kika amince da shi. Kafin ki saya, duba jikin kwalbar. In kin ga kalmar alcohol ko ethanol kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, nemi na gari. In kuwa kin sami ɗanta busasshe, tsaga shi ki binne cikin sukari mako 2, ƙamshin zai kama.

Abin da muke ba maigida da yara amana ne. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.