RA'AYINMU: Sunan Goronyo Ya Shiga Littafi, Ina Takardar?

Sunan da masana suka ba dabbar zamanin da yana da ranar suna da mai raɗawa, kamar na ɗan Adam. Ƙa'ida ita ce a buga shi a mujalla ko littafi, tare da bayanin ƙashin da aka dogara da shi. Wanda bai koma ga wannan takarda ta farko ba, jita-jita kawai yake riƙe da ita.

Ga misali a ƙofar gida. A 1930 wani masani, W. E. Swinton, ya yi bayanin waɗansu ƙasusuwa da aka tono a Lardin Sakkwato, cikin mujallar Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, ya kira dabbar Mosasaurus nigeriensis. A 1972 Azzaroli da abokan aikinsa na Jami'ar Florence ta Italiya suka ga ta bambanta da 'yan'uwanta, suka mai da ita Goronyosaurus nigeriensis, watau don Goronyo, maƙwabciyar mutanen Shinkafi da Isa. Jama'a da yawa dainoso suke ce mata, alhali kuwa ƙatuwar dabbar teku ce, dangin guza, daga zamanin da ruwan teku ya rufe ƙasar Sakkwato.

To, a lura da kalmar nigeriensis. A nan Nijeriya take nufi. Amma Ouranosaurus nigeriensis, dainoso na gaske wanda Philippe Taquet ya raɗa wa suna a 1976, daga Gadoufaoua aka tono shi, cikin hamadar Tenere, don haka Nijar ake nufi. Kalma ɗaya, ƙasa biyu! In ɗalibi ya kwafo daga intanet ya rubuta cewa an samu Ouranosaurus a Nijeriya, wa zai gyara masa, in shi malamin bai taɓa ganin littafin Taquet ba?

Ɗan Ƙaura Namoda ko Zurmi da ke karatun ilmin duwatsu bai kamata ya san ƙasarsa ta bakin wani ba. Takardun nan ba su da yawa, ɗaukar hotonsu kuma ba zai karya baitulmali ba. Muna kira ga hukumomin ɗakunan karatu na jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau su nemo rubutun Swinton, da na Baron Nopcsa na 1925 da ya riga shi, da na Italiyawan, su ajiye inda hannun ɗalibi zai kai. Malamai kuwa su daina karɓar kundin da ya kawo sunan dabba ba mai raɗawa ba shekara.