Cinikin Biri a Sama: Yadda Muke Sayen Kwamfuta wa 'Ya'yanmu

'Yan'uwa na Mai Wurno, da ƙauyukan Jazira, da na Nil Azrak.

Tun daga 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke, karatun 'ya'yanmu ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. An rufe makarantu, wasu sun koma matsugunin 'yan gudun hijira. Madani ta faɗi a Disamba 2023, ba ta dawo ba sai Janairu 2025. Ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar shahada a 2023 sai ƙarshen Disamba 2024 suka samu zama. A cikin wannan hali iyaye da yawa suka yanke shawarar nema wa yaro tsohuwar kwamfuta ya yi karatu a gida. Shawara ce mai kyau, amma yadda muke sayen abin kunya ne, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Babu manomin da zai sayi jaki bai duba haƙoransa ba. Amma mutumin nan zai sayar da buhunan riɗi ko dawa da ya sha rana a hawasha ya noma, ya shiga kasuwa, dillali ya nuna masa 'yar takarda manne a jikin kwamfuta ya ce "wannan i7 ce", shi kuwa ya ƙirga kuɗi. Bai tambayi shekararta ba, bai tambayi wutar da take ci ba. Abin da yake so shi ne a ce ɗan wane yana da i7. Muna zargin dillalai, kuma wasunsu sun cancanci zargi, amma son a yabe mu ne ya buɗe musu ƙofa.

Furosesa, wadda a kasuwa ake kira mu'alij, ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sunayen i3 da i5 da i7 matsayi kawai suke nunawa a cikin zubi guda, abin da 'yan kasuwa ke kira jil. Zubin kuwa yana cikin lambar da ke biye da sunan. A tsofaffin kwamfutoci, idan lambobi huɗu ne, ta farko ita ce zubi: i5-2520M zubi na biyu ce, ta 2011, i5-3320M na uku, 2012, i5-4300U na huɗu, 2013. Idan lambobi uku ne kacal, kamar i7-620M, zubin farko ce, ta 2010. Wannan i7 da ake yi mana kirari da ita, i3-6100U ta 2015 ta fi ta aiki, alhali i7 ɗin na cin wat 35, ita kuwa i3 wat 15. Wanda ya biya kuɗin i7 a kan irin wannan ya sayi suna ne kawai.

Maganar wat ita ce maganarmu. Wanda ke zaune inda lantarki ba ya yankewa ba ruwansa da ita. Mu kuwa, duk da madatsun Sinnar da Rusairis suna maƙwabtaka da mu, gidaje da yawa faifan sola ɗaya da batir ɗaya suka dogara da su, kuma a kansu ake cajin waya da kunna fitila. Harafin ƙarshen lambar yana ba da haske: M galibi wat 35 ce, U ta zubi na huɗu zuwa sama galibi wat 15. Bambancin nan shi ne yaro ya yi karatu har bayan isha'i ko kwamfuta ta mutu masa tun magariba.

Akwai waɗanda bai kamata a saya ba ko da arha. Kwamfutar tebur mai Pentium 4, wasu nau'o'inta furosesa kaɗai na cin fiye da wat 80, ban da allo. Ƙananan kwamfutoci masu Atom N270 na 2008 manhajojin yau da yawa ba sa hawa kansu. Haka kuma a yi hattara da sababbin siraran kwamfutoci masu Celeron da ma'adana ta gigabait 32 da aka like a jiki: suna ƙyalli, amma ba a iya ƙara musu komai. Core 2 Duo, wadda ta fito a 2006, za ta iya rubutu da buɗe littafi idan tana gida tuntuni, sai dai ba abin kai kuɗi a saya ba ce yau.

Abin da ya dace da ɗan makaranta shi ne i5 ko i3 daga zubi na biyu zuwa sama, a jikin kwamfutocin ofis irin ThinkPad T430 ko Latitude E6430 ko EliteBook, domin ana kwance su, ana samun kayan gyaransu. Rarar kuɗin da za a zuba a sunan i7 a sa ta a wurare uku: a cire tsohon faifai a sa SSD, a kai RAM gigabait 8, a sauya batir. Sannan a buɗe ta a share ƙurar fanka, don zafin ƙasarmu da ƙurar habub sun fi tsufa kashe kwamfuta. Da tsohuwar zuma ake magani, in an san inda aka ajiye ta.

Za a ce Microsoft ta sa 14 ga Oktoba 2025 ranar daina kula da Windows 10, kuma Windows 11 tana neman zubi na takwas. Gaskiya ne. Amma Linux Mint da Lubuntu kyauta ne, suna tafiya lafiya a kan waɗannan tsofaffin. LibreOffice yana rubuta Larabci da Hausa da Turanci. Kiwix kuma yana ɗaukar Wikipedia ta Larabci da ta Hausa a karanta ba tare da intanet ba, abin da duk wanda ya ga yankewar sadarwa a Fabrairu 2024 ya san darajarsa.

Wasu kuma za su ce waya ta isa, ko su ce wanda ke neman na tuwo ina shi ina kwamfuta. Waya tana karanta saƙo, amma yaron da zai shiga Jami'ar Jazira ko ta Sinnar za a nemi ya rubuta bincike, ya tsara lissafi a jadawali, kuma ba a koyon wannan da babban yatsa. Mai neman na tuwo kuwa shi ya fi kowa buƙatar kada a cuce shi, domin ba shi da buhu na biyu da zai sayar.

Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun iso bakin kogin nan da alluna da littattafai a cikin gafaka, kuma sun san darajar kowane. Mu jikokinsu ba mu da hujjar sayen kayan karatu ido rufe. Muna kira ga ɗalibanmu na jami'a da malamai: kowane ƙauye ya samu mutum ɗaya da za a tura wa hoton lambar furosesa kafin a biya kuɗi. Uba kuma kada ya ji nauyin tambayar dillali zubi na nawa ce, wat nawa take ci, ana ƙara mata RAM ko ba a ƙarawa. Wanda ya kasa amsawa, a bar masa kayansa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka.